Filin Ma'anar Kalmomi: Farfaɗiya, Jinya da Majinyaci

Tambaya: Malam, Babana yana da farfaɗiya, ni ke kula da shi ina kuma karatu. Wai daga ina kalmar ta samo asali, kuma me ya sa mutanen unguwa ba sa kiran sunanta sai dai su ce "ciwon nan nasa"? (Wata ɗaliba daga Zariya)

Amsa: 'Yata, Allah Ya ba Baba lafiya, ke kuma Ya ba ki ladan. Daga "faɗi" take, aka ninka gabar farko sai ɗ ta koma r, kamar yadda kaɗa ta ba mu karkaɗa. Shi kuwa "ciwon nan" tsoro ne kawai, da tunanin wai iskoki ne. Toh wannan da sauƙi ma, abin da ke ƙona min rai shi ne masu cewa "ya taɓu" ko "aljanunsa sun tashi", haba jama'a, taɓuwa daban farfaɗiya daban, ita larura ce ta ƙwaƙwalwa, takan biyo bayan buguwa a kai ko sanƙarau ko maleriyar da ta hau kai ko shanyewar ɓarin jiki, wani lokacin ma ba a gano sanadi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da ita, kuma har 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in suna samun magani yadda ya kamata. Amma saboda muguwar kalma sai ka ga mutum ya faɗi a kasuwa yana fitar da kumfa kowa ya dare, wai kar yawunsa ya taɓa su. Ba a ɗaukarta ta yawu fa. Shi kuma mai ƙarfin halin da ya matso sai ya nemo cokali ya cusa masa a baki, ya karya masa haƙori a banza. Ke dai ki janye Baba daga kusa da murhu ko rijiya, ki sa masa abu mai laushi ƙarƙashin kai, ki juya shi gefe, kar a ɗura masa ruwa ko rubutu sai ya dawo hayyacinsa sosai. In faɗuwar ta wuce minti 5, asibiti. Kuma kar ya yanke magani don an kwana biyu bai faɗi ba.

Tambaya: Malam, ni da nake jinyar Mama, ni ne majinyaci ko ita? (Wani matashi daga Maraɗi)

Amsa: A wurina kai ne. Amma ana ta amfani da kalmar kan maras lafiya har ta zauna, na gaji da gardama. In kana gudun ruɗani ka ce "mai jinyar Mama".

Tambaya: Zan yi aure, dangi sun ce in ɓoye wa yarinyar ciwon farfaɗiyar mahaifina, wai "sirrin ciki sai hanji". Ya dace?

Amsa: Sun ɗauko karin magana sun ajiye ta a inda ba nan ba ne wurinta. Taka ita ce "ranar wanka ba a ɓoyon cibi". Gida ɗaya za ku zauna, ɗana, gara ta ji daga bakinka ka kuma koya mata yadda ake juya shi.

Tambaya: Farfaɗiya da jijjiga abu ɗaya ne?

Amsa: A'a. Yaro mai zazzaɓi kan yi jijjiga, mai ciki ma haka, kuma ba su da farfaɗiya.