Yawon Toledo da ɗanɗana giya: ka raba biyun

Malam, ka ce kwas zai kai ka Madrid, babban birnin Sifaniya, daga Sakkwato, kuma an haɗa muku yawon yini ɗaya zuwa tsohon garin Toledo tare da tsayawa a gonar inabi ɗanɗana giya. Kana tambaya ko ka bi su, ka dai ƙi sha.

Ni dai ban ba ka shawarar haka ba. Tsayawar gonar ba leƙe ba ce, zama ake yi a tebur ana zuba wa kowa a kofi, ga yankan naman alade a faranti kusa da cuku. Hadisin da ya hana zama a teburin da ake shan giya sananne ne, ga shi kuma da kuɗinka za a biya.

Amma kada ka bari Toledo ta wuce ka. Jirgin ƙasa daga tashar Atocha ta Madrid kusan minti 30 ne, sai ka ɗauki ɗan jagora a can. Musulmi sun riƙe garin har 1085, lokacin da sarkin Kirista Alfonso na shida ya karɓe shi. Ka nemi masallacin Bab al-Mardum, wanda yanzu ake kira Cristo de la Luz. An gina shi a 999, ɗan ƙarami ne, kamar masallacin unguwa a Kanwuri, kuma rubutun Larabci na nan jere da bulo a fuskarsa.

Garin kan tudu yake, lungunan duk duwatsu, don haka kada ka sa takalminka na zuwa Juma'a. In kwaɗayi ya taso, alawarsu ta almon da sukari, mazapan, ta ishe ka.