Kafin ka tura sefa miliyan 6 Jidda

Wani Alhaji mai shagon atamfa a Garwa ya rubuto cewa ƙanin matarsa da ke Jidda ya samo masa tsofaffin tsabar zinariya guda 5, wai sun haura shekara 200. Yana so a tura masa sefa miliyan 6 daga jarin shago, da alƙawarin nan da shekara biyu kuɗin zai ninka.

Alhaji, wasiƙarka doguwa ce, amma ban ga nauyin tsaba ko ɗaya a ciki ba. Giram nawa? Karat nawa? Wa ya auna? Kunyar suruki ta hana ka tambaya, kuma nan kuskurenka yake. Bandir ɗin atamfa ba ka biya sai ka taɓa, amma miliyan 6 za ka saki a kan hoton waya.

Tsohuwar tsabar gaske tana tsada ne domin wuta ta cinye 'yan'uwanta. A Amurka kafin 1834, zinariyar da ke jikin tsaba ta fi kuɗin da ake karɓarta a kai daraja, sai 'yan kasuwa suka riƙa kwasa zuwa Turai ana narkarwa. Tsabar zinariya ta dala 5 da Amurka ta yi a 1822, guda 17,796 aka buga, uku kacal aka san sun rage. Biyu suna gidan tarihi na Smithsonian, ɗayar an sayar da ita dala miliyan 8.4 a 2021. Irin waɗannan an san hannun da kowacce ta bi. Ba sa yawo biyar-biyar a aljihu.

Shekarar da ke jiki ma kada ta ruɗe ka. Riyalin azurfa mai hoton Mariya Teresa, sarauniyar Austriya, da kakanninmu suka yi ciniki da shi, 1780 ake ci gaba da bugawa a kansa har yau.

Na san wani ɗan kasuwa a Kusuri da ya sayi fam ɗin zinariya 8 ta hannun ɗan'uwansa. Da ya haye gada ya kai wa maƙerin zinariya a Njamena, zinariyar ta gaske ce, amma sabon bugu. Kuɗin nauyi kawai aka taya, ƙasa da rabin abin da ya biya. Har yau ba sa gaisawa, kuma wannan ya fi asarar yi mini ciwo.

Ka ce surukinka ya auna kowacce a shagon zinariya, ya turo rasit mai giram da karat. Kuɗin nauyin za ka biya, ko sisi kada ka ƙara don tsufa. In ya ji haushin tambayar, kuɗinka su zauna a atamfa.