Wutar sigari ta huda mini kujerar mota: a liƙe ko a sauya yadin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Corolla ƙirar 2008 mai kujerun yadi. Na rage wa wani abokina hanya, sai garwashin sigarinsa ya faɗa kan kujerar mai zaman banza, ya huda ta kamar girman ƙwayar wake. Bakin ramin ya yi baƙi ƙirin, kuma da tauri. Wani ya ce in ɗiga sufa gulu, mai ɗinkin kushin kuma ya ce sai an sauya rigar kujerar gaba ɗaya. Wanne zan bi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bi ko ɗaya tukuna. Rami irin wanda ka kwatanta ana gyara shi a gida, ka dai san tun yanzu cewa ɓoye shi za a yi. Wanda ya san wurin, in ya ƙura ido zai gane, baƙo kuwa zai zauna ya tashi bai lura ba.

Taurin da ka ji a bakin ramin shi ne inda aikin yake. Yawancin yadin kujerun mota na foliyesta ne, wato dangin roba, kuma yana narkewa a wajen digiri 250 na Salshiyos, alhali wutar sigari tana iya kaiwa digiri 900 lokacin da ake zuƙa. Don haka zaren narkewa ya yi, ya dunƙule, ya sandare. Duk abin da ka cusa a ramin, in ba ka cire wannan baƙin zobe ba, zai ci gaba da leƙowa, kuma gam ba ya kama shi da kyau.

Sufa gulu kuwa ka nisance shi. Idan ya bushe ƙandarewa yake yi, ya bar farin tabo, kujera kuma abu ce mai lotsawa duk lokacin da aka zauna. Ba za a jima ba wurin zai tsage, yadin ya yage daga gefen gam ɗin, ramin ya fi na da. Sannan in ya haɗu da auduga zafi yake ɗauka har ya yi hayaƙi, masu cusa auduga su ɗiga shi a kai su kiyaye. Gam mai laushi bayan ya bushe, marar launi, shi ake nema. B-7000 da masu gyaran waya da masu sa wa kaya duwatsu suke amfani da shi yana yi. Evo-Stik yana riƙewa, amma yana ratso yadi ya bar rawayan tabo, sai dai a sa shi ta ƙasa.

Ka tanadi sabuwar reza, ƙaramin almakashi mai tsini, hantsaki, tsinken sakace, guntun soso da ɗan ƙyalle mara kauri. Da farko ka datse baƙin zoben nan a hankali, iyakar abin da ya sandare kawai, kada hannu ya zarce. Ka leƙa ciki: in wutar ta ci soson da ke ƙasa, yanko guntun soso daidai ramin ka cike gurbin, don in ka bar shi wurin zai riƙa lotsawa. Sai ka yanki ƙyallen ya ɗan fi ramin faɗi, ka tura shi ƙarƙashin yadin da hantsaki, ka baje shi, ka shafa gam da tsinke tsakaninsa da yadin. Wannan ƙyalle shi ne ginshiƙin gyaran, kuma shi ne abin da masu gaggawa suke tsallakewa.

Launi daga jikin motar za ka samo shi, ba daga kasuwa ba. Ka zura hannu ƙarƙashin kujerar ko can ƙasan bayanta, inda yadin ya naɗe ba a gani, ka kankaro gashinsa da reza sama-sama har ka tara ɗan tulin da zai cika ramin sau biyu. Ɗiga gam kaɗan a kan ƙyallen, zuba gashin, danna da tsinke, bari ya sha iska, sake ɗigawa, sake zubawa. Hawa biyu ko uku masu siriri sun fi ɗaya mai kauri. Na ƙarshen ka barbaɗa shi kawai, kada gam ya hau samansa, in ba haka ba wurin zai riƙa ƙyalli. Ka bar kujerar kwana guda ba a zauna ba, a inuwa, gilashi a ɗan sauke, domin motar da aka rufe a rana lokacin bazara cikinta yana haura digiri 60.

Wannan dabara ta fi karɓar yadi mai gashi-gashi irin karan-miski. In naka mai saƙa ne, da zane ko layi-layi, gashin zai fito kamar tabo. A nan gara ka yanko ɗan faci daga wannan ɓoyayyen wurin, ka daidaita layinsa da na kujerar, ka dasa shi a kan ƙyallen. In kuma wutar ba ta huda ba, gashin kawai ta babbake, kankarewa da reza ya isa. Kada a sa Hypo, launin zai ci.

Kujerar fata ko ta leda hanyarta daban. Ana datse bakin, a sa ƙyalle ta ƙasa, a cike da man cike fata hawa-hawa, a goge da sanfefa mai laushi, a shafa fenti irin na fata. Haɗa launin ne mai wuya, musamman ruwan toka da ruwan madara da rana ta riga ta dafa, don haka ni a kan fata nakan ce a kai wa mai sana'ar.

Mai kushin ɗinka yana da gaskiya a wuri uku: in ramin ya kai faɗin marfin kwalba, in ya faɗo a kan ɗinki, ko in yana gefen da jiki ke goga wajen shiga da fita, musamman kujerar direba. A nan gam ba ya daɗewa. Amma ko a haka, rigar kujera gunduwa-gunduwa aka ɗinka ta, ana iya farke ɓangaren da ya ƙone a sauya shi kaɗai. Ka ce ya nemo yadin daga kujerar mota irin taka wajen masu sayar da kayan tsofaffin motoci, launinsa zai fi na sabon yadi dacewa da kujerarka.

Kafin a farke komai, duba gefen makarin kujerar ta wajen ƙofa. In ka ga an rubuta SRS AIRBAG, akwai jakar iskar kariya a ciki, kuma ɗinkin wurin an yi shi ne don ya fashe lokacin haɗari. Kada a maimaita shi da zare mai ƙarfi, kada kuma a lulluɓe shi da rigar kujera ta kasuwa. Wayoyin da ke ƙarƙashin kujera masu rawayan soket na wannan jakar ne, kada ka cire su sa'ad da kake kankaro gashi. Motocin da aka shigo da su daga Amurka, Kanada ko Turai kuma wasunsu suna da siririyar wayar ɗumama kujera shimfiɗe tsakanin yadi da soso. In taka tana da maɓallin ɗumama kujera, kada almakashi ya nutse ya wuce kaurin yadin.