Yadda ake ƙwace unguwanni a wasan GTA San Andreas

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa kake harbin 'yan ƙungiyar Ballas a unguwarsu amma yaƙi ba ya tashi. Na ga samari da dama a gidajen wasan PlayStation na nan Maradi suna fama da wannan matsalar.

A wannan wasa da kamfanin Rockstar ya fitar a 2004, yaƙin unguwanni ba ya buɗewa sai ka kammala aikin da ake kira Doberman. Daga nan taswirar birnin Los Santos za ta nuna launuka: kore na 'yan Grove Street, wato ƙungiyar CJ, jarumin da kake wasa da shi, shunayya na Ballas, rawaya kuma na Vagos. Sai ka shiga yankin abokan gaba, ka sauka daga mota, ka kashe mutum uku daga cikinsu kana a ƙasa, domin harbi daga cikin mota ba ya tayar da yaƙin, kuma ina zaton a nan kuskurenka yake. Za su kawo maka hari sau uku, kowanne ya fi na baya zafi, idan ka tsira yankin ya koma kore. Inda launin ya fi duhu, can ne suka fi ƙarfi, don haka ka fara da gefe-gefe.

Su ma sukan kawo farmaki yankinka, sai ka ga wurin yana walƙiya da ja a taswira. A ganina kada ka ɓata lokaci da yawa tun farko, saboda bayan aikin The Green Sabre duk abin da ka ƙwace zai kuɓuce maka, CJ zai bar garin, kuma yaƙin unguwanni ba zai sake buɗewa ba sai ya dawo Los Santos kusa da ƙarshen labari.