Fitilata ta perovskite tana sauya launi, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Dokta. Ina digiri na biyu, ina haɗa ƙwayoyin nano (ƙanana ƙwarai) na wani sinadarin perovskite, CsPb(Br/I)3, wato haɗin siziyom, dalma, burom da ayodin, don fitilar LED mai launin ruwan goro. Da na ba ta wuta, kafin minti biyar launin ya karkata zuwa ja, hasken kuma ya dushe. Saura wata uku in miƙa aiki, hankalina a tashe yake. Wani ya ce in ƙara wanke ƙwayoyin da etanol, in zubar da ruwan a wurin wanke hannu, wai tunda babu kadmiyum (wani ƙarfe mai guba) a ciki ba guba ba ne.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kwantar da hankalinki, ba laifin hannunki ba ne. Burom da ayodin ba sa zama wuri ɗaya idan wuta ta ratsa su. Suna ƙaura ta guraben da ke cikin ƙwayar, ayodin ya taru gefe, haske kuma ya riƙa fita daga can saboda gibin makamashinsa, wanda ke ƙayyade launin hasken, ya fi ƙanƙanta. Shi ne jan da kike gani. Hoke da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun bayyana irin wannan rabuwa tun 2015, shekarar da rukunin Kovalenko na Zurich ya fitar da waɗannan ƙwayoyi masu haske daga shunayya zuwa ja, wato tsawon zangon haske daga nanomita 410 zuwa 700. Rage ƙarfin wutar, ki cike guraben da ƙarin halayid, wato burom ko ayodin. Etanol kuwa ki bar shi, yana kankare rigar sinadarin oleyik da ke lulluɓe da ƙwayar yana kare ta. Metil asetet ya fi sauƙi a kanta wajen wanki.

Amma maganar zubar da ruwan nan ita ta tsaya mini a rai. Kusan kullum sai na ji ɗalibi ya ce "ai babu kadmiyum", kamar wanda ya tsere wa kura ya manta da zakin da ke gabansa. Ki lissafa da kanki: a CsPbBr3, wato mai burom zalla, fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa dalma ce. Kuma ba a kulle take ba kamar yadda masu tallar "fitila mai tsafta" ke yaɗawa. Ɗiga ruwa a kan siririn fim na CsPbBr3, ki haska shi da fitilar UV, za ki ga koren hasken yana mutuwa a gabanki. Ƙwayar ce ta wargaje, dalmar ta shiga ruwan. Gumin hannu ma ruwa ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Tana kwanciya a ƙashi shekara da shekaru, idan mace ta samu ciki ta fito ta isa ga jariri. Dokar RoHS ta Tarayyar Turai ta taƙaita ta a kashi 0.1 cikin ɗari a kayan lantarki. Abin takaici, sai ka ga ɗakin gwaji da fom goma na neman izinin sayen sinadari, amma babu ko jarka ɗaya ta tara sharar dalma.

Don Allah ki ji tsoron Allah kan wanda zai sha ruwan da ke ƙarshen wannan bututu, bai san abin da kika zuba ba. Sa safar hannu, ki auna garin PbBr2 (haɗin dalma da burom) a cikin akwatin zuƙe iska, ki tara duk ruwan wanki da tsumman goge-goge a mazubi mai murfi da tambari. Gobe da safe ki sami malamin da ke duba aikinki, ki gaya masa shawarar da aka ba ki, domin ba ke kaɗai aka gaya wa ba.