Amsa: Argungu a yini ɗaya lokacin hunturu

Ka tambaya ko yini ɗaya zai ishe ka ka taso daga Sakkwato ka zaga Argungu a wannan sanyin, har ka ci abinci ka koma. Zai ishe ka sarai. Ka fara da Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi da aka mayar gidan tarihi a 1958. Akwai masu, takubba, layu da tambura na yaƙi, kuma kada ka yi gaggawa a wurin kayan kamun kifi, don homa da goran masunta su ne zuciyar garin. Daga nan ka gangara bakin kogin Matan Fada, ka nemi gasasshen kifi mai yaji, ko tuwon shinkafa da zafinsa.

Sharaɗi ɗaya, kada ka yi sammako irin na bazara. Na sha bin hanyar nan cikin hazo, da asuba ko motar gabanka da ƙyar kake hangowa. Ka bari sai wajen ƙarfe 9, ka juyo kafin la'asar sakaliya, ka kuma riƙe rigar sanyi, iskar bakin ruwan nan tana shiga ƙashi.