Shahara ce ta canza ƙanena, ko da ma haka yake?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Daga Birnin Kebbi nake, kuma ni ce babba a ɗakinmu. Ƙanena mai shekara 24 ya fara sanya bidiyon barkwanci a TikTok shekara biyu da suka wuce, yanzu mabiyansa sun haura dubu ɗari biyu, ana gayyatarsa bukukuwa har Sakkwato da Gusau, 'yan kasuwa kuma suna biyansa ya tallata musu kaya. Da farko mun yi murna. Amma yanzu ko abinci ba ya ci da mu sai waya na hannunsa, ya rabu da abokansa na makaranta, duk wanda ya yi masa gyara sai ya ce hassada ce, kuma ranar da aka kwantar da Innarmu a asibiti sai da ya ɗauki hoto a bakin gadonta ya sanya kafin ya tambayi jikinta. Wata ƙawata ta ce yana da ciwon da ake kira narsisizim. Shin shahara ce ke kawo wannan ciwo, kuma yana warkewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Inna lafiya, ya saka miki da alheri da kika nemi bayani maimakon ki yi fushi ki fita harkarsa. Maganar hoton asibitin ta taɓa ni ƙwarai, domin na san zafin da 'ya take ji idan ta ga ana neman idon jama'a da ciwon mahaifiyarta. Duk da haka ina roƙonki ki ajiye sunan da ƙawarki ta ba shi tukuna, saboda suna ne mai nauyi, kuma ba a tabbatar da shi a kan mutum daga labari, sai ƙwararre ya zauna da shi ya bi tarihinsa tun daga ƙuruciya.

Kalmar ta fito ne daga wata tatsuniyar Girkawa, labarin kyakkyawan saurayi mai suna Narsisas wanda ya leƙa ruwa ya ga fuskarsa, sha'awarta ta kama shi har ya kasa barin wurin, ya rame ya mutu a nan. Likitan ƙwaƙwalwa Sigmund Freud ya yi rubutu a kan lamarin a 1914, amma sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya shi cikin littafinta na cututtukan ƙwaƙwalwa mai suna DSM a matsayin ciwon ɗabi'a. Bugun 2013 na littafin ya kawo alamomi 9, kuma sai mutum ya haɗa aƙalla 5 ake cewa yana da shi. Daga cikinsu akwai ganin kai ya fi kowa ba tare da aikin da ya kai haka ba, da ƙishirwar yabo marar yankewa, da jin cewa dole a yi masa abin da ba a yi wa sauran mutane, da amfani da jama'a don biyan buƙatarsa, da kasa jin abin da ke damun wani, da yawan zargin cewa ana yi masa hassada. Biyu daga cikin waɗannan sun fito fili a labarinki. Sai dai akwai sharaɗin da mutane suke mantawa da shi, wato halin ya zama ya kafu tun farkon girma, kuma yana bin mutum ko'ina, a gida da makaranta da kasuwa. Saboda haka tambayar da za ki fara yi wa kanki ita ce, yaya wannan yaro yake kafin a san shi? In an aike shi yana zuwa? In ƙaninsa ya yi kuka yana damuwa? In ya yi laifi yana iya cewa a yi haƙuri? Ke kika goya shi, kin fi kowa sanin amsar.

Dalilin da ya sa na nace a kan wannan shi ne wani bincike da Mark Young da Drew Pinsky suka wallafa a Amurka a 2006. Sun ba shahararrun mutane 200 wata takardar gwaji mai tambayoyi 40 da ake auna jiji da kai da ita. Matsakaicin makin shahararrun ya kusa 18, na sauran jama'a kuwa yana wajen 15. Waɗanda suka fi kowa maki su ne taurarin shirye-shiryen talabijin da ake nuna rayuwar mutum kawai, mawaƙa da makaɗa kuma su ne na ƙasa. Abin da ya fi jan hankali shi ne, yawan shekarun da mutum ya yi a harkar bai ƙara masa maki ba, abin da ya sa masu binciken suka ɗauka cewa da yawansu da halinsu suka shigo, hasken ne ya jawo su kamar yadda fitila ke jawo ƙwari. Ki lura kuma da cewa tazarar maki uku ce kawai, kuma takardar tana auna hali ne, ba ta tabbatar da ciwo. Duk wanda zai tsaya gaban kyamara ya ba dubban mutane dariya yana buƙatar ɗan rabonsa na yarda da kai, wannan kuwa ba aibi ba ne.

To amma idan amsarki ita ce yaron nan mai tausayi ne a da, sai mu duba wani bayanin. Wani likitan ƙwaƙwalwa na Jami'ar Cornell, Robert Millman, wanda ya yi aiki da shahararrun mutane, ya yi magana a kan jiji da kai da yanayi ke koya wa mutum bayan ya girma. Ba ya cikin jerin cututtukan da aka amince da su a hukumance, amma a ganina ya fi dacewa da mafi yawan matasanmu da suka yi tashe dare ɗaya, kuma hanyar da yake shiga mutum ba ɓoyayyiya ba ce.

Mu a wannan yanki mun san shahara tun kafin zuwan waya. Ɗan dambe idan ya shiga fage makaɗi ya wasa shi, yakan ɗaga hannu ya yi kirari da bakinsa cewa babu kamarsa, kuma ba wanda ke ganin ya zautu, domin kowa ya san kirarin na fage ne. Da an tashi, washegari yana mahauta ko gona, kawunsa yana aikensa kamar kullum. Masuncin da ya kamo kifi mafi girma a Matan Fada lokacin bikin Argungu sunansa kan cika gari, a ba shi kyauta a gaban manya, amma bikin na 'yan kwanaki ne, daga nan sai ya koma ruwa da homarsa da gorarsa. Al'adarmu ta ba yabo wuri da lokaci, ta kuma tanadi ranar da za a sauka. Shaharar waya ba ta da wannan ranar. Fagen ƙanenki yana cikin aljihunsa, yana buɗe da asuba da tsakar dare, kuma masu kirarin ba sa gajiya.

Abin da ke ɗaure mutum da wayar shi ne rashin tabbas. Tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce masanin halayya B. F. Skinner ya nuna da tantabaru da ɓeraye cewa dabbar da ake ba lada jefi-jefi, ba ta san yaushe zai zo ba, ta fi nacewa a kan aiki fiye da wadda ake ba kullum. Haka bidiyo yake, wannan ya samu kallo dubu biyar, na gaba ya samu rabin miliyan, mai shi bai san dalili ba, sai ya yi ta dubawa. A 2016 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar matasa 32 suna kallon hotunansu, suka ga cewa idan hoto ya samu masu so da yawa, sashen da ke motsawa lokacin samun lada yana ƙara aiki. Wanda ya shekara biyu a cikin wannan hali, idonsa kan koyi kallon kowane abu da tambaya guda, wato ko wannan zai ja mutane. Ina kyautata zaton abin da ya faru a bakin gadon Inna ke nan. Hannunsa ya riga zuciyarsa zuwa wayar. Wannan bai wanke shi ba, laifi ne kuma ya kamata ya ji cewa laifi ne, amma ya bambanta da mutumin da ciwon mahaifiyarsa bai dame shi ba sam.

A duk labarinki, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne rabuwarsa da abokan makaranta. Su ne suka san shi lokacin da yake rancen kuɗin mashin, su ne za su iya cewa wannan bidiyon bai yi ba, ya ji haushi, gobe su ci gaba da hira. Idan suka tafi, 'yan a bi yarima a sha kiɗa ne ke cike gurbinsu, mutanen da abincinsu ke cikin fasa masa kai. Donna Rockwell da David Giles sun yi hira mai zurfi da shahararrun Amurkawa 15 a binciken da suka wallafa a 2009, kuma mutanen sun ba da labarin yadda shahara ta zama musu kamar abin maye, yadda suka daina yarda da masu kusantarsu, da yadda suka ji sun rabu biyu, akwai wanda jama'a suka sani akwai kuma na ainihi da ke zaune cikin kaɗaici. Mutumin da ya yi watanni bai ji kalmar a'a daga bakin wanda yake ƙauna ba, ranar da ya ji ta sai ta zame masa kamar mari.

Game da zargin hassada, adalci ya sa in faɗi cewa wani ɓangarensa gaskiya ne. Mai mabiya dubu ɗari biyu yana shan zagi kullum daga mutanen da bai taɓa gani ba, wasu har iyayensa suke taɓawa, kuma hanyar da ya samu ta kare kansa ita ce ya zuba duk mai suka a kwando ɗaya. Matsalar ita ce ya haɗa da ku a kwandon. Yadda mutum ke karɓar gyara shi ne ma'auni mafi kyau da nake da shi. Brad Bushman da Roy Baumeister sun nuna a 1998 cewa ɗaliban da suka fi jiji da kai su ne suka fi tsananta ramuwa a kan wanda ya kushe rubutunsu. Addininmu ma a nan ya sa iyakar. A hadisin da Muslim ya ruwaito, wani ya tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, game da mutumin da ke son tufafinsa da takalminsa su yi kyau, sai ya amsa cewa Allah mai kyau ne yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Saboda haka kada ki ɓata ƙarfinki a kan shaddarsa da askinsa da yawan hotunansa. Ki sa ido a kan abu biyun nan.

Akwai abin da zai yi miki ɗacin ji, amma dole in faɗa. Sau da yawa gida ma kan koma gidan maroƙa ba da saninsa ba. Tun da kuɗin talla suka fara shigowa, wataƙila an daina aikensa, an daina yi masa faɗa, mai neman kuɗin makaranta sai ya fara da koɗa shi. Wani bincike da Eddie Brummelman da abokan aikinsa suka yi a kan yara 565 a ƙasar Holan, aka wallafa a 2015, ya gano cewa yaran da iyayensu ke ɗaukarsu sun fi sauran yara daraja su ne jiji da kai ke ƙaruwa a cikinsu, waɗanda kuma ake nuna wa ƙauna da kulawa su ne ke samun natsuwa da kansu. A kan yara aka yi shi, amma darasinsa ya shafi gidanku. Ƙanenki yana da masu ce masa ya fi kowa har sun yi yawa. Abin da ba zai samu a TikTok ba shi ne wurin da ake sonsa a matsayin ɗan Inna ko da bidiyonsa bai samu kallo ko ɗaya ba. Ku mayar masa da ayyukansa na gida, shi zai sayo maganin Inna, shi zai kai ta ganin likita, kuma a ajiye waya idan an sa kwano, kowa da kowa har da ke. Idan ya yi bidiyo mai kyau ku yaba aikin, ku faɗi abin da ya burge ku a ciki. Ku kuma ƙarfafa shi ya riƙe karatu ko wata sana'a, domin tashe yana da ranar dusashewa, kuma a lokacin ne haɗarin ya fi girma.

Dangane da warkewa, idan yanayi ne ya koya masa halin, yakan sassauta idan yanayin ya canza kuma mutanen kirki suka dawo kusa da shi. Idan kuwa ciwon ɗabi'ar ne na ainihi, babu ƙwayar da ke cire shi. Maganinsa zama ne da ƙwararre ana tattaunawa na dogon lokaci, ana kuma ba da magani ne kawai idan baƙin ciki mai tsanani ko fargaba sun haɗu da shi. Irin waɗannan mutane ba kasafai suke zuwa asibiti don girman kai ba, sukan zo ne lokacin da kasuwarsu ta faɗi. Saboda haka idan kika ga ya daina barci, ya rufe kansa a ɗaki bayan mabiya sun ragu, ya fara shan kodin ko tiramadol, ko ya furta cewa rayuwa ba ta da amfani, kada ku tsaya jiran nasiha ta yi aiki. Ku kai shi babban asibiti a nan Birnin Kebbi a tura ku sashen ƙwaƙwalwa, ko ku wuce Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato.

Kafin nan, ki fara da maganar hoton. Ki same shi ku biyu, ba a gaban ƙannensa ba, ba kuma a zauren WhatsApp na dangi ba. Kada ki kira shi da sunan wani ciwo, kada ki haɗo laifuffukan shekara biyu. Ki ce masa ranar nan da ka ɗauki hoto kafin ka gaida Inna raina ya ɓaci, kuma ba a nemi izininta ba kafin a nuna wa duniya ita a kwance, ina so ka cire shi. Mai yiwuwa ya fusata a take, wannan ba komai. Ki ba shi kwana biyu ko uku. Idan ya cire hoton, ko ya shiga ɗakin Inna ya zauna babu waya, to tausayinsa yana nan, kuma aikin gida zai wadatar. Idan ya mayar da laifin kanki, ya ce ke ma kin shiga sahun mahassada, kuma haka ya ci gaba da yi wa kawunku ko malaminsa da kuka sa su yi masa magana, sai ku nemi ganin likita, ko da ke kaɗai za ki fara zuwa a shirya yadda za a kawo shi.